Sekigahara, 1600: yaya aka yi yaƙi mai girma haka bai kai la'asar ba?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan yaƙin Sekigahara ce, wanda aka gwabza a Japan ranar 21 ga Oktoba, 1600, tsakanin rundunar Gabas ta Tokugawa Iyeyasu da rundunar Yamma wadda Ishida Mitsunari ya haɗa. Ana cewa kowane ɓangare ya zo da mayaƙa wajen 80,000, wasu ma suna ba Yamma ɗan rinjaye. A taswira kuma Yamma ce ta riga isa, ta hau tuddai, ta bar wa Iyeyasu kwari, har da wata runduna a bayansa. To yaya aka fara da safe, kafin la'asar kowa ya kama gabansa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce wai Kobayakawa Hideyaki, ɗaya daga cikin sarakunan Yamma, ya ci amana ya koma Gabas. Amma mutum ɗaya ya isa ya rusa runduna irin wannan? Ina son bayani dalla-dalla: wa ya tsaya ina, da mutum nawa, kuma a ina lissafin Mitsunari ya karkace.

Alƙalamin_Tarihi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da ajiye adadin nan na 80,000 a gefe, shi ne ke ruɗa mutane. Abin ƙirgawa shi ne waɗanda suka zare makami a ranar, kuma a ɓangaren Yamma ba su wuce 30,000 zuwa 35,000 ba.

Dalilin yana tun kafin yaƙin. Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya rasu a 1598, ya bar ɗa mai shekara 5, Hideyori, a hannun dattawa biyar masu riƙon ƙwarya. Iyeyasu ne mafi ƙarfi a cikinsu, ƙasarsa ta Kanto tana ba da koku kusan miliyan 2.5. Koku ma'aunin shinkafa ne, kimanin lita 180, wato abincin mutum ɗaya na shekara, kuma da shi ake auna arzikin kowane sarkin yanki da yawan sojan da zai iya fitarwa. Mitsunari fa? Koku 190,000 da 'yan kai a Sawayama. Mutumin haraji da guzuri ne, gwani a aikinsa, amma bai isa ya ba gidan Mori ko na Shimazu umarni ba, sai dai ya roƙa. Shi ya sa aka ɗora Mori Terumoto a matsayin shugaban Yamma, shi kuwa ya yi zamansa a fadar Osaka, bai taka filin daga ba. Runduna ce wadda mai ba da umarni ba shi da girma, mai girman kuma ba ya nan.

Ƙari a kan haka, manyan baraden Hideyoshi sun tsani Mitsunari tun yaƙin Koriya na 1592 zuwa 1598, suna ganin rahotannin da jami'ansa ke aikawa gida ne suka zubar musu da mutunci. A 1599, da Maeda Toshiiye, ɗaya daga cikin dattawan nan biyar, ya rasu, bakwai daga cikin baraden suka tasar wa Mitsunari, dole ya bar muƙaminsa ya koma Sawayama. Su Fukushima Masanori da Kuroda Nagamasa da Hosokawa Tadaoki, duk yaran gidan Toyotomi ne, amma a sahun gaban Iyeyasu suka tsaya. Kowane ɓangare yana cewa Hideyori yake karewa.

Yanzu filin. Sekigahara kwari ne a lardin Mino, cikin Gifu ta yau, tsawonsa kamar kilomita 4, faɗinsa kamar 2. Yamma ta jeru a bakinsa na yamma, daga arewa zuwa kudu: Mitsunari a tudun Sasao da mutum 6,000, Shimazu Yoshihiro da wajen 1,500, Konishi Yukinaga da 4,000, Ukita Hideiye da 17,000, shi ne ƙashin bayan sahun, sai Otani Yoshitsugu da 'yan dubbai a kan babbar hanya. A kudu, bisa dutsen Matsuo, Kobayakawa Hideyaki da sama da 15,000, a gindin dutsen kuma ƙananan sarakuna huɗu da wajen 4,000. Can gabas, a dutsen Nangu bayan Iyeyasu, Mori Hidemoto da 15,000, Kikkawa Hiroiye da 3,000, Cosokabe Moricika da 6,600, da Ankokuji Ekei da Natsuka Masaiye da nasu 'yan tsiraru.

A takarda tarko ne mai kyau. A zahiri kuwa, Kikkawa, ɗan dangin Mori, ya riga ya kulla yarjejeniya da Gabas ta hannun Kuroda, an yi rantsuwa a rubuce kwana ɗaya kafin yaƙin: Mori ba za su motsa ba, Iyeyasu kuma ba zai taɓa ƙasarsu ba. Shi ne a gaba a kan hanyar saukowa daga Nangu, sai ya toge. Hidemoto ba shi da ta inda zai bi sai ta kansa, na bayansu kuma suna jiran Mori. Ana ruwaito cewa da aka matsa wa Hidemoto ya sauko, sai ya ce mutanensa suna cin abinci. Mutum kusan 28,000 ke nan suka zama 'yan kallo, kuma Iyeyasu bai bar musu masu gadi ba sai Ikeda Terumasa da Asano Yoshinaga da wasu kaɗan.

Yadda aka saba ba da labarin ranar: hazo ya yaye wajen ƙarfe 8. Iyi Naomasa da Matsudaira Tadayoshi, ɗan Iyeyasu na huɗu, suka ratsa ta gefen Fukushima, wanda shi ke da haƙƙin fara kai hari, suka buɗe wa Ukita wuta. Fukushima da mutum 6,000 ya faɗa wa Ukita, aka yi ta turereniya, Ukita ma yana samun galaba. A arewa Kuroda da Hosokawa suka matsa wa Mitsunari, 'yan bindigar Kuroda suka zagaya ta gefe suka harbi Shima Sakon, babban jarumin Mitsunari. Shimazu ya ƙi shiga, duk wanda ya matso kusa da shi kawai yake harbi. Mitsunari ya tayar da hayaƙin alama don Matsuo da Nangu su sauko, shiru. Da Kobayakawa ya sauko, kan Otani ya sauko.

Otani bai yarda da Kobayakawa ba tun farko. Ciwo ya ci jikinsa, idanunsa sun kusa mutuwa, a kan makara ake ɗaukarsa, amma ya ware mutane suna fuskantar Matsuo, kuma sun mayar da harin farko baya. Abin da ya karya shi su ne ƙananan nan huɗu, Wakisaka da Ogawa da Akaza da Kutsuki, waɗanda aka ajiye don su tare Kobayakawa, sai suka juya suka soke shi ta gefe. Otani ya kashe kansa, gefen Ukita da Konishi ya buɗe, sahun ya yi ta zubewa daga kudu zuwa arewa. Wajen ƙarfe 2 na rana an gama. Ka ga ba mutum ɗaya ba ne.

Sarkin_Zango:

Malam ya yi bayanin waɗanda suka zo ba su yi faɗa ba. Bari in ƙara da waɗanda ba su zo ba sam, don a nan ne lissafin hanya da guzuri ya shigo.

Yamma ta raba ƙarfinta a kan ƙananan garuruwa. A Tanabe, tsoho Hosokawa Yusai da mutum 500 ya riƙe mutum 15,000 kusan wata biyu, sai da Sarkin Japan Go-Yozei ya sa baki aka sasanta, saboda tsohon shi ne ke riƙe da sirrin wani tsohon ilimin waƙa da ake tsoron ya mutu da shi. An buɗe ƙofa kwana biyu kafin Sekigahara, masu ƙawanyar ba su iso ba. A Otsu, bakin tafkin Biwa, Kiyogoku Takatsugu ya koma Gabas ya rufe ganuwa, aka tura masa wasu 15,000, cikinsu har da Tacibana Muneshige, ɗaya daga cikin gwanayen yaƙin zamanin kuma mutumin da ba a shakkar amanarsa. Garin ya faɗi, amma a safiyar yaƙin aka miƙa shi. Mutum 30,000 masu niyyar faɗa suna nesa, masu zuciya biyu suna kan tuddai mafi muhimmanci.

Gabas ma ta yi irin wannan asara. Hanyoyi biyu ne daga Edo, wato Tokiyo ta yau: Tokaido ta bakin teku da Nakasendo ta cikin duwatsu. Hidetada, ɗan Iyeyasu, ya bi Nakasendo da mutum 38,000, kuma su ne ainihin dakarun gidan Tokugawa. Ya tsaya kai wa Sanada Masayuki na ɓangaren Yamma hari a Uyeda, inda 'yan dubu biyu zuwa uku suka ɓata masa kwanaki. Saƙon ubansa na ya gaggauta ya makara saboda koguna sun cika, hanyar dutse kuma ba ta ɗaukar runduna irin wannan da sauri. Sai bayan an gama da kwanaki ya iso.

Me ya sa Iyeyasu bai jira shi ba? Saboda garin Gifu na ɓangaren Yamma ya faɗi a hannun Fukushima da Ikeda cikin yini guda a ƙarshen Satumba. Iyeyasu ya shafe kusan wata a Edo yana rubuta wasiƙu sama da ɗari zuwa ga sarakuna, yana alkawarin ƙasa, yana auna wanda zai tsaya. Da labarin Gifu ya zo, ya gane in ya daɗe baraden Toyotomi za su ci yaƙin ba da shi ba, ko kuma Terumoto ya fito da yaro Hideyori, wanda su Fukushima ba za su iya ɗaga masa mashi ba. Ya bar Edo ranar 7 ga Oktoba, ya sauka Akasaka, daura da Ogaki inda Mitsunari yake, ranar 20.

Ga kuma ciki. Rabon soja a rana wajen go 5 zuwa 6 ne na shinkafa, go ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin dubu na koku ne. Mutum 80,000 sau go 5 ya ba da koku 400 kullum, kimanin tan 60, ban da gishiri da abincin dawaki. Runduna irin wannan ba ta zama wuri ɗaya da daɗewa sai tana da rumbuna a bayanta. Iyeyasu yana da su, domin sarakunan da ke kan Tokaido sun buɗe masa garuruwansu, Kiyosu ta Fukushima ta zama sansanin gaba. Duk da haka ƙawanyar Ogaki za ta ci makonni, kowane mako kuma dama ce ga mutanen Otsu da Tanabe su iso. Faɗa a fili yake so, kuma da wuri.

Mitsunari ya ba shi abin da yake so. A daren 20 ga wata ya fice daga Ogaki, ya bar wasu dubbai suna gadi, ya yi tafiyar kilomita goma sha wani abu cikin ruwan sama, ya zagaya ta kudancin Nangu. Wasu sun ce ya ji Iyeyasu zai wuce shi ya nufi Sawayama da Osaka. Wasu sun ce Kobayakawa ne ya tsorata shi, don a ranar ne yaron ya hau Matsuo ya kori Ito Morimasa, wanda Yamma ta ajiye a wurin. Na biyun ya fi zauna mini: Matsuo yana kallon hanyar komawa Osaka, kuma Otani yana ƙarƙashinsa shi kaɗai. Ko ma wanne ne, mutanen da suka yi ainihin faɗan sun iso a jiƙe, ba barci, sun kafa shinge cikin duhu da taɓo.

Mai_Neman_Sani:

Allah ya saka da alheri, malamai. Saura abu biyu. Gaskiya ne Iyeyasu ya sa an harbi sansanin Kobayakawa don ya tilasta masa zaɓar ɓangare? Sannan da wane makami aka fi kashe mutane, tunda hoton samurai da muka sani da takobi ne?

Malama_Mai_Bincike:

Ɗan'uwa, labarin harbin nan yana da daɗin ji, amma a riƙe shi da hannu biyu. Ba ya cikin takardun da aka rubuta a kwanakin yaƙin, sai a rubuce-rubucen zamanin Edo, wato zamanin mulkin gidan Tokugawa, da suka zo daga baya. Akwai wasiƙar da wasu fadawan Tokugawa biyu, Ishikawa Yasumici da Hikosaka Motomasa, suka rubuta kwana biyu bayan yaƙin, tana nuna Kobayakawa da Wakisaka da Ogawa sun juya ne tun da aka fara artabu. Rahoton limaman Kirista 'yan Turai da ke Japan a lokacin ma ya nuna an watse cikin ɗan lokaci. A kan irin waɗannan ne masanin tarihi Shiramine Jun ya kafa hujjar cewa babu wani dogon jinkiri har tsakar rana. Ba kowa ya yarda da duk abin da ya faɗa ba, amma in haka ne, tsarin sa'o'in da Malam Alƙalami ya kawo sai a matse shi.

Su kansu alƙaluman da taswirar, yawancinsu daga tarihin da hedkwatar sojan Japan ta wallafa a 1893 suka samo asali, kuma ta fitar da yawan soja ne ta hanyar lissafi daga kokun kowane sarki, ba daga rajistar ranar ba. Ƙiyasi ne mai amfani, kada dai a ɗauke shi kamar an ƙirga kawuna.

Ko ta fuskar bindigar ma labarin yana ɗingishi. Tsayin Matsuo mita 293 ne, sansanin yana ƙoli, tazararsa da kwarin ta haura kilomita. Bindigar zamanin, wadda 'yan Fotugal suka kawo tsibirin Tanegashima a 1543, tana huda sulke ne a tazarar mita 50 ko ƙasa, bayan mita 100 kuwa sai sa'a. A filin da dubban bindigogi ke tashi, ta yaya na kan dutse zai gane waɗannan 'yan harbe-harben shi ake nufi?

Kuma Kobayakawa ba ya buƙatar a tsorata shi. Shekararsa 19 ko ƙasa, ɗan ɗan'uwan matar Hideyoshi ne, Hideyoshi ya taɓa ɗaukarsa ɗa kafin a haifi Hideyori, sannan aka miƙa shi gidan Kobayakawa. Bayan Koriya an rage masa ƙasa, a 1599 dattawa ƙarƙashin Iyeyasu suka mayar masa. Manyan fadawansa, Hiraoka Yorikatsu da Inaba Masanari, sun riga sun gama magana da Kuroda.

Batun makami: takobi na ƙarshe ne, na kare kai da yanke kan wanda aka kayar, don da kai ake karɓar lada. Takardun da mayaƙa ke kai wa iyayen gidansu suna lissafa raunukansu sun nuna harsashi da kibiya da mashi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Yawancin runduna dakarun ƙasa ne da ake kira ashigaru. 'Yan bindiga ke farawa, maharba baka suna cike giɓin lokacin ɗuri, sannan masu dogon mashi na mita 4 zuwa 6 su matso a jere suna ɗagawa suna dokawa tare. Sai sahun abokan gaba ya tsage samurai ke kutsawa, da yawansu ma a ƙasa, da gajeren mashi.

Ɗurin kuwa haka yake: a zuba albarushi ta baki, a jefa harsashin dalma, a danna da sanda, a zuba albarushi mai laushi a ɗan kaskon da ke gefe, a rufe murfinsa, a maƙala igiyar wuta, a buɗe murfin, a ja kunama. Gwani da ke da 'yan bututun da aka riga aka auna albarushi da harsashi a ciki yana yin harbi biyu, wani lokaci uku, a minti. Matsalolin sanannu ne. Albarushi ya sha danshi ya ƙi kamawa, igiya ta mutu, ko a manta murfin a buɗe tartsatsi ya tayar da ita kafin lokaci. Bayan harbi da yawa dauɗar albarushi tana toshe bututun har harsashi ya ƙi shiga, sai an goge ko a koma ƙaramin harsashi. A tuna mutanen Yamma sun kwana cikin ruwa da waɗannan kayan.

Alƙalamin_Tarihi:

Malama ta yi gaskiya kan sa'o'in, shi ya sa na ce yadda aka saba bayarwa. Sai dai akwai abin da ya rage: faɗuwa a Sekigahara ba dole ta zama ƙarshen yaƙin ba. Osaka tana nan, ganuwa mafi ƙarfi a ƙasar, da Hideyori da taskar Toyotomi a ciki, sojan Mori na Nangu sun koma ba ƙwarzane, Tacibana ma ya iso yana cewa a rufe ƙofa. Terumoto ya dogara da alkawarin da aka yi wa Kikkawa, ya fice bayan kamar kwana goma, Iyeyasu ya shiga ba harbi ko ɗaya. Da ya shiga sai aka fito da takardun da ke nuna Terumoto ya ba da umarnin yaƙi da hannunsa, aka ce alkawarin ya warware. Daga koku miliyan 1.2 Mori suka dawo ƙasa da 400,000 a larduna biyu, Suwo da Nagato, wannan ma da roƙon Kikkawa.

Shimazu kuwa, da sahun ya watse ya ga baya a toshe, sai ya yi gaba, ya ratsa ta gaban sansanin Iyeyasu ya kama hanyar Ise. Dabararsu ita ce a riƙa barin 'yan mutane zaune a kan hanya da bindiga a ɗure, su harbi shugaban masu bi da ke kan doki, sannan su tashi da mashi har a kashe su, a gaba kuma wasu su sake zama. Haka aka harbi Iyi Naomasa, wanda ya rasu a 1602, aka raunata Tadayoshi. Toyohisa, ɗan ɗan'uwan Yoshihiro, ya mutu a hanyar, mutum 80 da 'yan kai suka kai Satsuma, ƙasar Shimazu. Suka ja ciniki shekara biyu daga can ƙarshen Kiyushu, kuma ba a rage musu ko taki ba.

An fille kan Mitsunari da Konishi da Ankokuji a Kiyoto ranar 6 ga Nuwamba. Ukita ya ɓuya a Satsuma, daga baya aka kai shi tsibirin Hacijo, inda ya rayu har 1655. Uyesugi Kagekatsu, wanda a kansa ne Iyeyasu ya fara fita yaƙi, ya dawo koku 300,000 daga miliyan 1.2. Kobayakawa ya samu Okayama, ya rasu a 1602 ba magaji, gidan ya ƙare.

Makarar Hidetada ma ta yi tsada. Ƙasar da aka ƙwace ta haura koku miliyan 6, amma tunda baraden Toyotomi ne suka yi faɗan, su aka biya da manyan yankunan yamma: Kuroda ya samu Cikuzen, Ikeda ya samu Himeji, kowanne sama da 500,000, Fukushima ya samu Hiroshima da kusan haka. Hideyori yana nan a Osaka da 650,000. Iyeyasu ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603, ya miƙa wa Hidetada a 1605, amma sai a 1615 ya iya rusa Osaka. Shi kuwa Fukushima, wanda ya riƙe Ukita a safiyar nan, Hidetada ya ƙwace masa Hiroshima a 1619 bisa laifin gyara ganuwar fadarsa ba da izini ba.